Gleed: Tarihin Garwashi a Gidajen Ingila

A shekarar 1755 Samuel Johnson ya fitar da shahararren ƙamusunsa na Ingilishi a Landan, manyan juzu'i biyu da suka ci masa wajen shekara tara yana haɗawa. Cikin kalmomi fiye da 42,000 da ya tara akwai wata 'yar gajeriya, “gleed”. Ya ce ma'anarta garwashi mai zafi da ya yi ja, sannan ya buga mata hatimi cewa maganar ƙauye ce, kuma an daina yayinta. Daga nan ya wuce kalma ta gaba.

Johnson ya faɗi gaskiya game da Landan ta zamaninsa, amma ya yi gaggawar yi wa kalmar jana'iza. A lokacin ta riga ta haura shekara dubu a bakin mutanen tsibirin, kuma tana da sauran shan ruwa a wuraren da marubutan birni ba su cika leƙawa ba. Tarihinta a ɗaure yake da wani aiki da kowane gida a Ingila ya yi shekaru aru-aru, galibi a hannun mata da barori, wato raya wuta daga dare zuwa wayewar gari.

Mutanen da suka dogara da murhu don girki da ɗumi da haske ba sa kiran komai “wuta” su yi shiru. Tsohon Ingilishi, harshen da aka yi magana da shi daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 12, ya ba kowane mataki na wuta sunansa. “Col” shi ne gawayi, ko yana ci ko ya mutu. “Æmyrge”, kakar kalmar “ember” ta yau, ta fi kusa da rushi, tokar nan mai zafi da ke ɓoye ƙananan garwashi a cikinta. “Sinder” kashin maƙera ne, dattin da ƙarfe ke fitarwa in an narka shi. “Æsce” toka ce. Ita kuwa “gled”, wadda ake jan wasalinta, ita ce gungun jan garwashi da ke saura bayan harshen wuta ya kwanta, lokacin da hayaƙi ya ragu, zafi ya daidaita. Mai gasa nama da mai toya gurasa da maƙeri duk wannan lokacin suke jira. Mawaƙa kan faɗaɗa ta har ta ɗauki ma'anar wuta gaba ɗaya, amma a bakin murhu kowa ya san abin da ake nufi.

Ba a Ingila aka haife ta ba. Ta ƙetaro teku ne a bakin ƙabilun Angle da Saxon da Jute, waɗanda suka taso daga arewacin Jamus da Denmak na yanzu bayan Rumawa sun janye daga Biritaniya wajen shekarar 410. 'Yan'uwanta suna nan da ransu a can gida. Jamusawa na cewa “Glut”, mutanen Holan “gloed”, na Suwidin “glöd”, na Denmak “glød”, na Iceland “glóð”, kuma duk kalmomi ne na yau da kullum da yaro ma ya sani. A Suwidin har ƙwan lantarki irin na da, mai ɗan zaren ƙarfe da ke yin ja a ciki, “glödlampa” ake ce masa. Da masana harshe suka jera waɗannan kalmomi suka kwatanta su, sai suka gano siffar kakarsu, “glodiz”, wadda babu wanda ya taɓa ganinta a rubuce domin ta girmi rubutun waɗannan al'ummu. An gina ta ne a kan saiwar aikatau da ta haifi “glow” na Ingilishin yau, wato yin ja da haske ba tare da harshen wuta ba.

To me ya sa Jamusanci da harshen Iceland suka riƙe wasalin “u” ko “o”, ta Ingila kuma ta zo da “e”? Aikin wani ɗan ƙaramin wasali ne da ke gaɓar ƙarshe. In mai magana zai ce “glodiz”, harshensa kan fara shirin furta “i” da ke tafe tun bai gama da “o” ba, sai “o” ɗin ya zamo zuwa gaban baki. Sannu a hankali ya koma wani sauti tsakanin “o” da “e”, daga baya ya zama “e” zalla. Shi kuwa “i” da ya jawo canjin ya faɗi ya ɓace, ya bar sawunsa kawai. Jacob Grimm, masanin harshe na Jamus da aka fi sani da tattara tatsuniyoyi tare da ƙanensa Wilhelm, shi ya yaɗa sunan “umlaut” ga wannan sauyi a littafinsa na nahawun Jamusanci da ya fara fitowa a 1819. Duk ɗalibin da ya taɓa mamakin dalilin da ya sa jam'in “foot” ya zama “feet”, na “tooth” ya zama “teeth”, ko yadda “food” ta haifi “feed”, “blood” ta haifi “bleed”, to da wannan tsohuwar doka ya yi karo. Dangantakar “glow” da “gleed” irin wannan ce. Daga baya, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, dogayen wasulan Ingilishi suka sake gusawa gaba ɗayansu, doguwar “e” ta koma doguwar “i”. Shi ya sa ake rubuta kalmar da “ee” amma ake furta ta kamar “gilid”.

Gidan da kalmar ta girma a cikinsa na katako ne, rufinsa na ciyawa, murhunsa a tsakiyar ɗaki. Babu bututun hayaƙi. Hayaƙi kan taru a sama ya ratsa jinka ya fita. A Yeavering, can arewacin Ingila, masu binciken kufai ƙarƙashin Brian Hope-Taylor sun tono harsashin fadar sarakunan Northumbria ta ƙarni na 7 a shekarun 1950, suka sami zauren katako da tsawonsa ya haura mita 20. Malamin coci Bede, wanda ya kammala littafin tarihinsa a 731, ya ba da labarin zaman shawara da Sarki Edwin ya yi wajen 627 kan karɓar addinin Kirista. Ɗaya daga cikin fadawan ya kamanta rayuwar ɗan Adam da gwara da ta shigo zauren sarki ta ƙofa guda a tsakiyar hunturu, ta ratsa ɗumin wutar da ke ci a tsakiya, ta fice ta ɗaya ƙofar zuwa cikin ruwa da ƙanƙara. Ga mutumin wancan zamani, duniyar da za a iya zama a cikinta iyakarta inda ɗumin murhu ya kai.

Tayar da sabuwar wuta wahala ce. Sai an sami ƙyastu da dutsensa, a yi ta bugawa har tartsatsi ya faɗa kan busasshen naman itace ko tsumman da aka babbake, a yi ta hurawa a hankali, duk a cikin duhu da sanyin da ke sandarar da yatsu, a ƙasar da danshi ba ya rabuwa da ita. Ƙyastu yana da daraja har ana binne mutane da shi, kuma an sha samunsa a kaburburan Anglo-Saxon. Saboda haka dabarar ita ce kada a bari wuta ta mutu tun farko. Da dare uwargida kan tattara garwashin wuri guda, ta lulluɓe shi da toka. Tokar na rage iskar da ke isa gare shi, sai ya riƙa ci a hankali har gari ya waye. Da asuba a tone, a ɗora ƙirare, a hura. Wadda tata ta mutu sai ta aika yaro maƙwabta ya ɗebo wuta a kasko, kamar dai yadda duk wanda ya tashi a ƙauyen ƙasar Hausa kafin ashana ta wadata ya sani.

Abin da ke raya gida shi ne kuma ke iya cinye shi, kuma babbar waƙar Tsohon Ingilishi ta san haka. Beowulf, mai layi 3,182, labarin wani jarumi ne na ƙabilar Geat a kudancin Suwidin. Bayan ya yi shekara 50 yana sarauta, wani bawa da ya gudo ya saci kofin zinariya daga taskar da wani dodo mai siffar maciji ya yi shekara 300 yana gadi. Dodon ya fito da dare yana shawagi, kuma abin da mawaƙin ya ce yana amayarwa a kan gidajen mutane shi ne “gled” a jam'inta, ruwan garwashi. Har zauren Beowulf kansa ya ƙone. Wiglaf, saurayin da shi kaɗai ya tsaya wa tsohon sarki sa'ad da sauran mayaƙa suka gudu daji, ya kira bala'in da suke fuskanta da haɗaɗɗiyar kalma “gledegesa”, firgicin garwashi. Masu sauraron waƙar suna zaune ne a ƙarƙashin jinka, garwashi na ja a gabansu. Sun san sarai abin da ɗaya tak zai yi in ya tashi sama.

Ita kanta waƙar da ƙyar ta tsira daga wuta. Kwafi ɗaya ne kaɗai ya rage a duniya, wanda aka rubuta da hannu wajen shekarar 1000. Yana cikin tarin littattafan Robert Cotton sa'ad da gobara ta kama gidan Ashburnham a Westminster ranar 23 ga Oktoba, 1731. An ceto shi, amma zafi ya babbake gefen takardun, suka yi ta marmashewa shekara da shekaru. Wasu kalmomin yau ba a san su ba sai ta kwafin da wani malami ɗan Iceland, Grímur Thorkelin, ya yi, ya kuma sa aka yi masa, a ƙarshen shekarun 1780.

Da garuruwa suka cika, gidajen katako suka jingina da juna, rufe wuta da dare ya tashi daga dabarar uwargida ya zama dokar gari. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kuma da shi aka raɗa wa dokar suna: “cuevrefeu”, rufe wuta. Bakin Ingilishi ya tauna ta ya mai da ita “curfew”. Da dare, galibi ƙarfe 8 ko 9, akan kaɗa ƙararrawar coci, kowane gida ya tattara garwashinsa ya rufe. Labarin da ya shahara yana cewa William Mai Nasara, jagoran Normawan, ne ya ƙago dokar don ya hana waɗanda ya ci da yaƙi taruwa da dare su ƙulla tawaye. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa al'ada ce da ta game biranen Turai na wancan zamani saboda tsoron gobara, kuma danganta ta da William ya fito ne daga marubutan da suka zo ɗaruruwan shekaru bayansa. Tsoron kuwa yana da dalili. A 1087 wuta ta cinye babban cocin St Paul na Landan. A Yulin 1212 wata ta tashi a Southwark ta hau gadar Landan ta halaka mutane da yawa, abin da ya sa hukumar birnin ta hana yi wa sababbin gidaje rufin ciyawa.

Sunan har ya hau kan wani kayan aiki. Magina tukwane sun riƙa yin wani babban murfi na yumɓu mai kama da kifaffen kwano, da mariƙi a sama da 'yan ƙananan huji don iska, a kifa shi kan garwashi ya kwana lafiya. Shi ma “curfew” ake ce masa, kuma ana yawan tono gutsattsarinsa a kufan garuruwan ƙarni na 13 da na 14. A 1285, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, dokokin birnin Landan suka hana yawo a titi da makami bayan an kaɗa ƙararrawar cocin St Martin's le Grand, suka kuma ce a rufe mashaya a wannan lokaci. Daga nan ma'anar ta fara sulalewa daga murhu zuwa titi. Dokar hana fita da hukumomi ke sanyawa yau in rikici ya ɓarke, wadda jaridun Ingilishi na Najeriya da Gana ke kira “curfew”, asalinta umarni ne ga mata su lulluɓe garwashi da toka. A garin Sandwich da ke yankin Kent har yanzu ana kaɗa wannan ƙararrawa da ƙarfe 8 na dare a cocin St Peter.

Cikin waɗanda suka mori “gleed” sosai akwai Geoffrey Chaucer, ma'aikacin kwastan na tashar Landan kuma mawaƙi, wanda ya rasu a 1400. A littafinsa The Canterbury Tales, inda masu ziyarar kabarin Thomas Becket ke ba juna labarai a hanya, kalmar tana fitowa a kowane irin zance. A labarin mai niƙa, wani ɗan ƙwalisa ma'aikacin coci yana aika wa matar kafinta wainar fulawa da zafinta, an sauke ta daga garwashi ke nan, kuma a labarin dai ne kafintan barci ya kwashe shi daidai lokacin ƙararrawar rufe wuta. A labarin barde, an zana fushi a bangon ɗakin gunkin yaƙi da launin jan garwashi. A wata doguwar waƙarsa, Troilus and Criseyde, wani baƙo ya matsu ya koma gida tun bai jima ba, abokinsa ya tambaye shi ko ɗiban wuta suka zo yi.

Inda ya fi nutsawa shi ne a bakin Oswald, ɗaya daga cikin masu ziyarar, wani dattijo daga Norfolk mai kula da gandun ubangidansa, kafinta a da, siriri, mai saurin fushi. Labarin mai niƙa ya yi wa kafintoci dariya, abin ya sosa masa rai, sai ya fara da kukan tsufa kafin ya rama. Ya ce ƙarfi ya tafi, gashi ya yi fari, amma wuta na nan binne a cikin tsohuwar toka. Ya lissafa garwashi huɗu da ke ci a zuciyar tsoho har ya shiga kabari: fariya, ƙarya, fushi da kwaɗayi. Wannan hoto ba zai zo wa mutum ba sai in ya saba ganin murhu da asuba, fari fat kamar ya mutu, a sa itace a tone sai ja ya bayyana. Chaucer bai tsaya yin bayani ba domin duk mai sauraronsa ya taɓa ganin haka da idonsa a safiyar ranar.

Bayan Chaucer, gidan Ingila ya soma canza kama. William Harrison, limamin cocin ƙauyen Radwinter a Essex, ya rubuta a littafinsa na bayanin Ingila da ya fito a 1577 cewa tsofaffin ƙauyensa sun ga manyan canje-canje uku a rayuwarsu: gadaje masu katifa da matashi, kwanonin ƙarfe a madadin akusa, da yawaitar bututun hayaƙi, alhali a ƙuruciyarsu da wuya a ƙirga fiye da biyu ko uku a gari guda. Harrison bai yi murna da hakan duka ba. A ganinsa hayaƙin da yana ƙarfafa katakon rufi, yana kuma kare masu gida daga mura. Wuta dai ta tashi daga tsakiyar ɗaki ta koma jikin bango. Itace ya yi tsada a Landan, jiragen ruwa suka yi ta sauke kwal daga Newcastle, kuma kwal na bukatar ragar ƙarfe da iska daga ƙasa da bututu mai ja. Tun a 1661 John Evelyn ya rubuta wa sarki ƙaramin littafi yana kuka da hayaƙin da ya turnuƙe birnin. Tsohuwar kalmar “col” ta bar gawayi ta koma sunan wannan baƙin dutse. “Sinder” ta ari harafin “c” daga kalmar Faransanci ta toka ta zama “cinder”, ta ɗauki ma'anar ƙonannen saura. “Ember” ta gaji jan garwashi. Ingilishin da maɗaba'o'in Landan ke bugawa ya raba aikin tsakanin waɗannan uku, aka bar “gleed” ba gurbi.

Gwamnati ma ta gano cewa murhu abu ne da za a iya ƙirgawa. A 1662 majalisa ta ba Sarki Charles na Biyu harajin murhu, sule biyu a shekara kan kowane guda, ana biya kashi biyu. Jama'a sun tsane shi domin masu karɓa kan shiga har cikin ɗaki su ƙirga. Wasu sun toshe murahunsu. A 1684 gobara ta cinye gidaje 20 ta kashe mutum huɗu a ƙauyen Churchill na yankin Oxford, aka ɗora laifin a kan wata mai toya burodi da aka ce ta huda bango ta haɗa tanderunta da bututun maƙwabcinta don gudun haraji. An soke harajin a 1689.

Mafi girman gobarar duka a kan tambayar garwashi ta tsaya. Da tsakar daren 2 ga Satumba, 1666, wuta ta tashi a gidan burodin Thomas Farriner da ke layin Pudding a Landan. Cikin kwana huɗu ta cinye gidaje 13,200 da coci 87 da babban cocin St Paul. Farriner ya dage a gaban masu bincike cewa ya zagaya gidan da dare, bai ga wuta ba sai a murhu ɗaya, ita ma ya tattara ta ya rufe yadda aka saba. Jama'a na neman wanda za su huce a kansa, sai wani Bafaranshe mai suna Robert Hubert ya ce shi ya cinna, aka rataye shi a watan Oktoba. Daga baya ta bayyana cewa bai ma sauka a Landan ba sai da wutar ta kwana biyu tana ci.

Al'adar kwanar da wuta ta daɗe a nesa da birni. A tsaunukan Sikotlan da tsibiranta, inda ake ƙona wata baƙar ƙasar fadama da ake yankawa a shanya, mata kan rufe wuta da dare suna karanta addu'a, kuma Alexander Carmichael ya tattara irin waɗannan addu'o'i a harshen Gaelic ya buga a 1900. Masu masaukin Warren House da ke tudun Dartmoor suna cewa wutar murhunsu ba ta mutu ba tun 1845, lokacin da aka ɗauko garwashi daga tsohon ginin da ke tsallaken hanya. Abin da ya kawo ƙarshen al'adar a sauran wurare ɗan tsinke ne. John Walker, mai shagon magani a garin Stockton-on-Tees, ya gano a 1826 cewa wani haɗin sinadari da ya bushe a kan tsinke yana kamawa da wuta in an goga shi. Littafin cinikinsa ya nuna sayarwa ta farko ranar 7 ga Afrilu, 1827: tsinke 100 a kan sule ɗaya, da kwabo biyu kuɗin gwangwani. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba, wasu suka kwaikwaya suka yi arziki. Kafin ƙarnin ya kai ƙarshe ashana ta yi arha har talaka na saye, kuma mutuwar wuta da dare ta daina zama abin damuwa.

Sai dai akwai inda wuta ita ce sana'a, kuma can “gleed” ta sami mafaka. Yamma da Birmingham akwai yankin da ake kira Black Country, wato Baƙar Ƙasa, saboda kwal da hayaƙi: Dudley, Netherton, Cradley Heath da maƙwabtansu. A nan dubun-dubatar mutane suka rayu da ƙera ƙusa da sarƙa da hannu, a 'yan ƙananan maƙeru na bulo a bayan gida. Miji da mata da yara duk suna bakin uwar maƙera. Dillali ya kawo sandunan ƙarfe, ya dawo ya auna ƙusa, ya biya abin da ya ga dama. Makamashin da suke zubawa a wuta ƙananan gutsattsarin toyayyen kwal ne, mai zafi da ƙarancin hayaƙi, kuma sunansa a bakinsu “gleeds”. Kalmar da ta taɓa kwatanta numfashin dodo ta zama sunan abin da ake saye a buhu.

Rayuwa ce mai ɗaci ƙwarai. Mata masu ƙera ƙananan sarƙoƙi kan yi fiye da awa 50 a mako su tashi da abin da bai wuce sule biyar ba, sau da yawa da jariri a kusa da tartsatsi. A 1910, bayan hukuma ta tsayar da mafi ƙarancin lada na kwabo biyu da rabi a awa kuma iyayen gida da yawa suka ƙi biya, mata wajen 800 a Cradley Heath suka shiga yajin aiki ƙarƙashin jagorancin Mary Macarthur. Cikinsu har da Patience Round, tsohuwa mai kusan shekara 80 da ta yi rayuwarta duka tana ƙera sarƙa. Mako goma suka yi, suka yi nasara. Shekara guda bayan haka, a Netherton, kamfanin Hingley ya gama ƙatuwar ƙugiyar tsayar da jirgin Titanic, dawakai 20 suka ja ta zuwa tashar jirgin ƙasa. Waɗannan mutane ne suka riƙe kalmar shekara 150 bayan Johnson ya sallame ta, kuma su suka fi cancanta a ambata in ana maganar tsawon ranta. Sun ma yi mata karin magana: mai murya mara daɗi akan ce muryarsa kamar “gleed” da ya maƙale a ƙarƙashin ƙofa, saboda ƙarar da ɗan gutsuren ke yi in an ja ƙofar a kan daɓe.

Wanda ya rubuta maganar irin waɗannan mutane da mutuntawa ɗan cikinsu ne. Joseph Wright, haifaffen 1855 kusa da Bradford, ya fara aikin jan jaki a wurin fasa dutse yana ɗan shekara shida, ya shiga masaƙa yana da bakwai, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen 15. Ya rayu har ya zama farfesan kimiyyar harshe a Oxford. Ƙamusunsa na kare-karen harshen Ingilishi, juzu'i shida da suka fito tsakanin 1898 da 1905, ya nuna “gleed” tana raye daga Sikotlan har tsakiyar Ingila. Mai bincike a irin waɗannan littattafai sai ya yi hattara da wata takwararta, “glede”, sunan shirwa, wadda ta fito a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611 cikin jerin tsuntsayen da aka hana ci. Wannan daga “glide” ta fito, saboda yadda shirwa ke shawagi ba ta kaɗa fiffike, kuma ba ta haɗa komai da wuta ba.

Cikin ɗaliban Wright akwai wani saurayi da ya tashi a Birmingham, J. R. R. Tolkien. Ya yi aiki a babban ƙamusun Oxford daga 1919 zuwa 1920, ya zama farfesan Tsohon Ingilishi a 1925, ya buga nazari kan labarin dattijo Oswald a 1934, ya gabatar da laccar da ta sauya yadda ake karanta Beowulf a 1936. A juzu'in farko na The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954, yana bukatar wata tsohuwar takarda da sarki Isildur ya bari ta yi ƙamshin daɗewa, sai ya sa sarkin ya kwatanta zafin zoben da ya ƙone masa hannu da wannan kalma, a rubutun “glede”. Ta wannan layi guda ne da yawa daga cikin masu karanta Ingilishi na yau suka taɓa cin karo da ita.

Murhun da ta fito daga cikinsa ma yana ƙarewa. Dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta biyo bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952, ta ba hukumomin gari ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni. Mafi yawan gidajen Ingila yanzu da gas suke ɗumama ɗakuna, kuma daga 1 ga Mayu, 2023, an haramta sayar da kwal na gargajiya don ƙonawa a gida. A Dudley, gidan tarihin Black Country da aka buɗe a 1978 yana da maƙerar sarƙa da har yanzu ake hurawa, maƙeri ya lanƙwasa jan ƙarfe ya haɗa zobe da zobe a gaban baƙi da 'yan makaranta.